Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Makarantu a Gasar Wasanni

Wani malamin makaranta daga Kona, cikin gundumar Tasawa, ya aiko yana tambaya ko bisa wace ƙa'ida makarantun sakandare za su haɗu su kafa gasar wasanni tsakaninsu, da kuma wanda ya cancanci shiga.

To, Malam, Allah ya saka da alheri. Misali mafi kusa da mu shi ne kokawar Takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, kuma a yau jihohi takwas ne ke shigarta, kowace da ƴan kokawa goma waɗanda sai sun kada abokan karawarsu a gida kafin a ɗaura musu ɗamarar jiha. Ita ma gasar makarantu haka take so, sai dai sharaɗinta na farko maƙwabtaka ne, domin idan tafiya daga Kona zuwa Tasawa ko Mayahi ta cinye kuɗin mota da yinin karatu, kafin shekara ta zagayo za ka tarar an watse ba tare da kowa ya ce ya fita ba. Bayan wannan sai adalci wajen shekaru, wanda a ganina ya fi komai wuya, saboda babu abin da ke karya zuciyar yaro kamar a jera shi da mai gemu a ce tsararsa ne. Saboda haka shugabannin makarantun su zauna su rubuta yarjejeniya, a duba takardar haihuwar kowane ɗalibi, a kuma ware wa ƴan mata nasu rukunin.