Ƙarfin Motsa Jiki da Rage Kitse Ba Tare da Zubewar Tsoka Ba

A Basirka da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, teɓa ta fi kama waɗanda sana'arsu ta zaunar da su wuri guda, kamar mai shago da direba da ma'aikacin ofis da matar aure da ba ta cika fita ba, musamman tun da babur ya maye gurbin keke da tafiyar ƙasa. Idan irin waɗannan mutane suka zo neman shawara wajen ma'aikacin lafiya, tambayar da suka fi yi ita ce ko gudu ya fi ko tafiya, kuma mafi yawansu sun riga sun ɗauka cewa gwargwadon wahala da gumi, gwargwadon kitsen da zai narke. Wannan fahimta tana jawo asara, domin wanda ya haɗa gudu mai tsanani da yunwa yakan rame, amma wani kaso na abin da ya zube tsoka ce, wato naman da ke motsa gaɓoɓi, wanda kuma shi ne ke shanye mafi yawan sukarin jini bayan cin abinci.

Motsa jiki mai sa haki shi ne duk wanda ke ɗaga bugun zuciya da numfashi na tsawon lokaci, irin su tafiya da sauri da tuƙa keke da sassarfa da ƙwallo. Ana auna ƙarfinsa da bugun zuciya, kuma ƙiyasin da aka saba da shi shi ne a cire shekarun mutum daga 220 a sami ƙololuwar bugunsa a minti guda, ko da yake ƙiyasi ne da kan saɓa daga mutum zuwa mutum. Ɗan shekara 40 ƙololuwarsa 180 ke nan, matsakaicin ƙarfi kuma yana tsakanin kashi 64 da 76 cikin ɗari na wannan adadi, wato bugu 115 zuwa 137. Ba sai da agogon zamani ba: mutum ya tsaya ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15, idan ya sami 29 zuwa 34 to yana kan matsakaici. Akwai ma gwajin da ya fi wannan sauƙi. Wanda ke iya hira da abokin tafiyarsa amma ba ya iya rera waƙa yana kan matsakaici, wanda kuwa ba ya iya furta fiye da kalmomi kaɗan sai ya ja numfashi ya shiga mai tsanani.

Gaskiya ne cewa a matsakaicin ƙarfi jiki ya fi dogara da kitse a matsayin makamashi, yayin da a mai tsanani yake komawa ga sukarin da ke ajiye a tsoka da hanta, wanda ake kira glaikojin. Sai dai abin da ke rage teɓa shi ne giɓin da ke tsakanin makamashin da aka ci da wanda aka ƙona a tsawon makonni, ba nau'in makamashin da aka ƙona a cikin sa'ar motsa jiki ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin makamashin abinci), alhali mai nauyin kilo 70 da ya yi sa'a guda yana tafiya da sauri kimanin 300 yake ƙonawa. Saboda haka ƙarfin da ya fi amfani shi ne wanda mutum zai iya maimaitawa gobe da jibi ba tare da ciwon gwiwa ko gajiyar da za ta kwantar da shi ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi watsi da shi, alhali shi ne ke tsare tsoka. Jikin da ke cikin ƙarancin abinci yana sakin tsokar da ba a ɗora mata nauyi, yana riƙe wadda ake sa ta aiki. Manomin da ke huɗa da girbi da ɗaukar dami ya riga ya biya wannan haƙƙi a damina da kaka, amma mai zaman shago sai ya neme shi da gangan: tsuguno da miƙewa, ɗaga jiki daga ƙasa da hannuwa, ɗaukar jarkar ruwa mai lita 20 a kowane hannu ana tafiya da ita, ana ƙara nauyi ko maimaici sannu a hankali. A 1980 Robert Hickson na Amurka ya nuna cewa waɗanda suka haɗa ɗaga nauyi da gudu da keke mai tsanani kwana shida a mako, ƙarfin ƙafarsu ya daina ƙaruwa wajen mako na bakwai, sannan ya fara raguwa kafin cikar mako goma. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yawan gudu ne da tsawonsa ke haddasa wannan, kuma keke bai kai gudu illa ba. Don haka mai tsanani sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar, kuma gara a raba ranarsa da ranar ɗaga nauyi.

Tsoka tana kuma buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mai ɗaga nauyi a rana, abin da ya kai giram 112 ga mai kilo 70. Ƙwai guda giram 6 kawai yake bayarwa, don haka dole a haɗa da wake da awara da ƙuli-ƙuli da nono da kifi, a rage malmalar tuwo da sukarin shayi da lemon kwalba maimakon a yanke cin abinci gaba ɗaya. Raguwar da ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako tana ƙara haɗarin zubewar tsoka.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne al'adar sanya leda ko rigar sanyi a yi gudu da rana tsaka domin a yi gumi. Gumi ruwa ne da gishiri, lita guda tasa kilo guda ce a kan sikeli, kuma tana dawowa da zarar an sha ruwa, amma a bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, hakan na iya kai mutum ga suma da lahanin ƙoda. Bayan sallar asuba ko gab da magariba ya fi dacewa, a watan azumi kuma bayan buɗa-baki. Mai hawan jini ko ciwon sukari, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi sauri, wajibi ne a duba shi a asibiti mafi kusa ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu kafin ya fara mai tsanani.