Idan moter jirgin ruwa ya yi tsuwa

Kogin Isa, wanda ake ce ma Kwara, ya ratsa ƙasar Nijar kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali har zuwa bayan Gaya. Jirage na bin sa dare da rana, ɗauke da mutane da kaya. Ran Lahadi, ranar kasuwar Ayoru, bakin ruwa cike yake da su. Ƙananan jirage da filafili ko gora ake tuƙa su. Manya kuwa moter ke tura su. Wani moter a maƙale yake bayan jirgi. Wani a cikin jirgin yake zaune, yana shan gazuwal kamar na babbar mota. Darasin yau a kan wannan na biyu yake.

Mai jirgi ya san kukan moter ɗinsa kamar yadda makiyayi ya san kukan saniyarsa. Idan kukan ya sāke, da dalili. Wata rana, cikin rurin da aka saba ji, sai a ji wata ƙara siririya mai soke kunne, kamar ta ɓera: tsiii! Ita ce tsuwa.

Daga ina tsuwa take fitowa?

Kowane ɗan lakwal ya taɓa jin alli yana tsuwa a kan allo. Allin yakan kama allon, ya zame, ya kuma kamawa, ya kuma zamewa, sau da yawa ƙwarai cikin ƙiftawar ido. Wannan karkarwa ce kunne ke ji. Haka abin yake cikin moter. Duk inda aka ji tsuwa, akwai abu biyu da ke gugar juna.

A gaban moter akwai wata igiyar roba baƙa, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Sunanta bel, da Faransanci courroie. Tana zagaye da faya-fayen ƙarfe masu kwari a baki, ana ce masu puli. Puli na ƙasa moter ke juya shi. Shi kuma ya ja bel, bel ta juya sauran biyu: na dinamo, mai cika batir da wuta, da na pompo, mai zagayawa da ruwa don moter ya huce. In bel ta tsinke, pompo ya tsaya. Ba a daɗewa moter ya yi zafi, tilas a kashe shi. A kan hanya mota takan tsaya inda ta lalace. Jirgi ba ya tsayawa. Ruwa ya ɗauke shi ke nan, da kaya da mutane, har ya kai shi kan dutse ko yashi. Shi ya sa ba a raina tsuwa.

Yadda bakanike ke neman ta

Bakaniken kirki ba ya fara kwance moter. Tambaya yake fara yi.

— Maigida, yaushe kake jin ta?
— Da safe, in na tashe shi. Sai kuma in na ƙara mashi wuta.
— In ya ɗan jima yana aiki fa?
— Sai ta ɓace.

Wannan amsa ta rage mashi rabin aiki. Tashin moter yana cin wutar batir da yawa. Dinamo na ƙoƙarin mayar da ita, sai ya yi nauyin juyawa. Bel ɗin da ta saki ba ta iya jan sa, sai ta riƙa zamewa a kan puli tana tsuwa. In batir ya cika, dinamo ya yi sauƙi, tsuwa ta lafa.

Sai bakanike ya kashe moter, ya ce ma yaronsa:

— Zo nan, ɗana. Sa babban yatsanka tsakanin pulin nan biyu, ka danna.
— Ta lotsa sosai, Baba. Ta kai faɗin yatsa uku.
— To, ka gani. Bel mai kyau ba ta wuce kamar santimita 1.

Ba a nan ya tsaya ba. Ya juya bel ɗin ya dubi gefenta. In gefen ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko ya tsattsage, ta tsufa. In ta nutse har tana taɓa gindin kwarin puli, ta cinye, don da gefenta take kamawa, ba da cikinta ba. Baƙar ƙura a jikin moter roba ce da guga ta ci. Mai ko gazuwal in ya zuba a kanta, shi ma yana sa ta zamewa. Yakan kuma aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar puli biyu, ya ga ko suna kan layi guda. In ɗaya ya karkace, ko sabuwar bel aka sa, ba za ta yi ƙarko ba.

Akwai wani gwaji mai sauƙi. A tashi moter, a tsaya daga nesa, a yayyafa ma bel ruwa kaɗan. In tsuwar ta ɗauke na ɗan lokaci, ko ta ƙaru, laifin bel ne. In ba ta sāke ba ko kaɗan, sai a nemi ciwon a wani wuri.

Wani wurin shi ne rulma, wanda wasu ke ce ma boris. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne da ke birgima cikin giris, su ke sa dinamo da pompo juyawa ba tare da guga ba. In giris ya bushe, ko ruwa ya shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Kukan rulma ba ya ɓacewa don batir ya cika. Yana nan kullum, yana ƙaruwa da gudun moter. Don a gane wanne ne, sai a kashe moter, a cire bel, a juya kowane puli da hannu. Mai lafiya yana juyawa sumul, ba ƙara. Wanda ya mutu yana gurzawa kamar an zuba mashi yashi, ko yana girgiza in an ja shi gefe da gefe.

Wasu masu jirgi, da sun ji tsuwa, sai su ɗaure bel tamau kamar tsarkiyar baka. Tsuwar takan tafi, amma bel mai tsananin ɗauri ita ke kashe rulma. An guji sayen bel mai araha, an faɗa ga sayen dinamo. Wasu kuma sabulu suke shafa mata. Sabulu rufe bakin bel kawai yake yi.

Da rani, wajen watan Mayu da Yuni, kogi yakan ja baya ƙwarai. A watan Yuni na 1985 ma ruwan ya daina gudu a Yamai. Lokacin ƙarancin ruwa, bututun da ke tsotso ruwan kogi yakan toshe da yashi ko ciyawa. Pompon da ke jan ruwan nan yana da fukafukan roba a ciki, ruwa ne ke jiƙa su. In sun juya a bushe, su ma suna ƙara, kuma nan da nan suke ƙonewa. Don haka da an tashi moter, sai a leƙa inda ruwa ke fita. In ba ya fita, a kashe maza.

Bakanike ba ya kusantar moter mai juyawa da babbar riga, ko rawani, ko gyale. Bel in ta kama ƙyalle ba ta saki, har da hannun take ja.

Tambayoyi

1. Wane aiki bel take yi a jikin moter?
2. Don me tsuwa ta fi yawa da safe, in an tashi moter?
3. Bakanike ya yayyafa ma bel ruwa, tsuwa ba ta sāke ba. Me zai duba?
4. Mene ne aibin ɗaure bel fiye da kima?

Aiki

Ku wanke hannu, ku jiƙa yatsa, ku goga shi da ƙarfi a jikin kwalba. Ku shafa ma yatsan ɗan mai, ku sake gogawa. Ku rubuta abin da kuka ji cikin jimla uku.