Injin Niƙa da Gubar Dalma: Amfanin Bincike

Jama'a, darasinmu na yau a kan bincike ne. Bincike shi ne bin diddigin abu har a gano tushensa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ga misali daga ƙasarmu.

A ƙasar Anka da Bukkuyum akwai zinariya cikin dutse. Da kuɗinta ya hau, mutane da yawa suka shiga haƙa. Suna cika buhu da dutse, su ɗauko shi daga rami zuwa cikin gari. Waɗansu su daka a turmi a tsakar gida. Waɗansu su niƙa da injin niƙan hatsi. Injin ya sauƙaƙa aiki, amma yana ta da ƙura ƙwarai.

A shekarar 2010 yara ƙanana suka yi ta ciwo. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya suma. Aka zaci zazzaɓin sauro ne ko sanƙarau. Aka ba da magani, bai yi ba. Yara wajen 400 suka rasu.

Likitocin ƙungiyar MSF suka ɗibi jinin yara, aka aika aka gwada. Ashe dalma ce. Dutsen nan na zinariya yana da dalma da yawa. Ƙurarsa ta sauka a ɗaki da tsakar gida da kan abinci. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa, ya kai baki. Haka guba ta shiga jininsa.

Masana daga Amurka suka zo, suka haɗu da ma'aikatanmu na lafiya. Suka bi gida gida a Dareta da 'Yargalma suna tambaya. Suka tarar cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5, kashi ɗaya cikin huɗu sun rasu a shekara guda. Suka zo da wata na'ura ta hannu. In an ɗora ta a ƙasa, nan take ta faɗi yawan dalmar da ke wurin.

Da aka san cuta, sai aka san magani. Masanan suka ce ba amfani a warkar da yaro, a mai da shi gida mai guba. Sai an fara share gida. Aka kwashe ƙasar sama da fartanya da shebur, aka kai ta rami nesa aka binne. Aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Mutanen gari su ne suka yi aikin da hannunsu. Sarakuna suka hana niƙan dutse a cikin gari.

Hanya ma ta koya mana darasi. Da damina ta sauka, mota ba ta iya shiga waɗansu ƙauyuka, aiki ya tsaya sai da kaka. Aka share Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega kuwa sai a 2013.

To, ina ilimin nan ya tafi? Dabarar kwashe ƙasa an fara gwada ta a wani wurin haƙar ma'adini a jihar Idaho ta Amurka, aka gyara ta ta dace da gidajenmu. Likitoci kuma suka rubuta yadda suka yi wa yara fiye da 1,000 magani, aka buga a 2014 don likitocin duniya su karanta. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a Shikira ta jihar Neja. Abin da aka koya a Anka, da shi aka yi aiki a can.

Saboda haka mu riƙe abu huɗu. Kada mu kawo dutsen zinariya gida. Kada mu niƙa hatsi da injin da ya niƙa dutse. In za a niƙa dutse, a jiƙa shi da ruwa don ƙura ta kwanta. Mai haƙa ya yi wanka, ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa yara suka yi ciwo a 2010?
2. Yaya dalma take shiga jinin yaro?
3. Don me aka fara share gida kafin magani?
4. Rubuta abu biyu da za ka gaya wa maƙwabcinka.