Kurakuran Guraben Fom da Ƙulla Bayanai a Manhajojin Intanet: Darasi Daga Rajistar Manoman Rani a Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wasu kurakurai da ake yawan cin karo da su a manhajojin intanet masu aiki a ɓangaren saba, musamman waɗanda suka shafi guraben fom da ƙulla su da rumbun bayanai. An ɗauki rajistar manoman rani a yankin Kura da Bunkure a matsayin abin misali, aka bi kurakurai biyar ɗaya bayan ɗaya, aka nuna alamar kowanne da musabbabinsa da maganinsa. An lura cewa ɗaya ne kawai daga cikinsu na fasaha zalla. Sauran huɗun suna da tushe a cikin ƙa'idojin rubutun Hausa da tsarin sunayen Hausawa da ma'auninsu. Saboda haka maƙalar ta yi kira ga masana harshe da su shiga aikin tun daga tsara fom.

Muhimman kalmomi: fom, ƙulla bayanai, baƙaƙe masu ƙugiya, alhamza, noman rani

1.0 Gabatarwa

A yau, tallafin taki da iri da bashin noma da kuɗin ruwa duk suna bi ne ta rajista. Tun daga shekarar 2012, lokacin da Ma'aikatar Gona ta Tarayya a ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta fara aika wa manoma shaidar karɓar taki ta wayar hannu, sunan manomi a kwamfuta ya zama ƙofar samun haƙƙinsa. Wanda sunansa ya lalace a rumbun bayanai, ko aka jefa shi a mazaɓar da ba tasa ba, yana iya rasa rabonsa na shekara guda, alhali gonarsa tana nan a inda take.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa manazarta Hausa yadda irin wannan kuskure yake faruwa da yadda ake bin diddiginsa. Fom ɗin da za a yi magana a kansa an ƙago shi ne domin darasi, ba na wata hukuma ba ne. An yi amfani da tsarin ASP.NET, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2002, wajen kafa misalai, sai dai yawancin darussan sun shafi sauran tsare-tsare irin su PHP.

2.0 Filin Nazari

Shirin noman rani na Kogin Kano yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan yana gangarowa ta manyan magudanai zuwa filayen ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shirin. A 2014 Bankin Duniya ya amince da lamunin kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na gyara noman rani a Arewa, kuma wannan yanki yana cikin waɗanda aikin ya shafa. Wani ginshiƙi na shirin shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa tattara kuɗin ruwa suna kula da ƙananan magudanai. Ƙungiya ba za ta iya wannan ba sai ta san wane ne yake noma wane fili, a wace shiyya, a wace kaka. Wannan shi ne aikin rajista.

3.0 Ma'anar Kalmomi

Saba ita ce kwamfutar da ke nesa, wadda ke karɓar buƙata daga wayar ma'aikaci ta sarrafa ta, sannan ta mayar da amsa. Fom shafi ne mai gurabe: gurbin rubutu, da jerin zaɓi wanda ake latsawa sunaye su zubo, da maɓallin aikawa. Rumbun bayanai shi ne inda ake adana abin da aka cika. Ƙulla bayanai kuwa shi ne haɗa gurbi da wani sashe na rumbu, ta yadda jerin zaɓi zai ɗebo sunayen mazaɓu daga rumbun, abin da aka zaɓa kuma ya koma can.

Abin lura shi ne saba ba ta riƙe shafi a ƙwaƙwalwarta. Duk lokacin da aka latsa maɓalli, sai ta sake gina shafin daga tushe bisa jerin matakai: ta ƙirƙiri gurabe, ta mayar musu da halin da suke ciki a baya, ta zuba abin da mai cikawa ya aiko, ta loda shafi, sannan ta aiwatar da umarnin maɓalli. Wanda ya fahimci wannan jeri ya sami rabin maganin kuskure na farko.

4.0 Kurakurai da Hanyoyin Magance Su

4.1 Jerin Zaɓi Mai Komawa Farko

Alamar wannan kuskure ita ce rahoto ya nuna kusan dukkan manoma a wuri guda. Idan jerin ƙananan hukumomi ya ƙunshi Bunkure da Garun Malam da Kura, sai a tarar kowa ya zama mutumin Bunkure. Idan jerin mazaɓun Bunkure ne, sai manomin Gafan da na Kumurya su faɗa Barkum, domin ita ce ta farko a tsarin abacada.

Musabbabin shi ne an ajiye umarnin DataBind a matakin loda shafi ba tare da sharaɗi ba. Ma'aikaci ya zaɓi Gafan ya aika, saba ta karɓi zaɓin daidai, amma da ta iso matakin lodawa sai ta sake cika jerin daga rumbu, zaɓin ya goge. Kafin umarnin adanawa ya zo, abin da ya rage shi ne na saman jeri. Maganin shi ne a gindaya sharaɗin IsPostBack, ta yadda za a cika jerin sau ɗaya kawai, a buɗewar farko. Yana da kyau kuma layin farko ya zama "Zaɓi mazaɓa" maras ƙima, wanda saba za ta ƙi karɓa. Da haka kuskuren zai fito fili maimakon ya shige shiru.

4.2 Ƙulla Suna Maimakon Lamba

Kowane layi a jerin zaɓi yana da fuska biyu: rubutun da ido ke gani, da ƙimar da ake aikawa. Mai tsara manhaja yakan yi gaggawa ya sanya sunan gari a duka biyun. To amma sunan gari a ƙasar Hausa ba ya zama shaida tilo. Kura sunan ƙaramar hukuma ne, sunan gari ne kuma, haka ma Bunkure. Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi kuwa ba su ƙidayuwa. Idan layi biyu suka zo da ƙima ɗaya, saba tana ɗaukar na farko da ta tarar.

Bambancin rubutu ya ƙara dagula lamarin. Takardun hukuma suna rubuta Chiromawa da Garun Mallam, ƙa'idar Hausa kuwa Ciromawa da Garun Malam. Ɗan Hassan yakan zo a rabe, yakan zo a haɗe, yakan zo ba ƙugiya. A wurin kwamfuta waɗannan garuruwa ne mabambanta, don haka kuɗin ruwan gari ɗaya zai watsu a layi uku. Maganin shi ne kowane wuri ya sami lamba wadda ba ta sauyawa, a ƙulla bayanan manomi da lambar, sannan a tanadi jadawali mai ɗauke da daidaitaccen suna da sauran siffofinsa domin bincike. Tsara wannan jadawali aikin masanin harshe ne.

4.3 Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Boko ya daɗe yana fama da na'ura a kan waɗannan baƙaƙe. Bayan ƙa'idojin da Hanns Vischer ya tsara a 1912, an yi amfani da ɗigo a ƙarƙashin harafi, kafin ƙugiya ta kafu a shekarun 1930. A yau tsarin Yunikod ya ba kowannensu lamba: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Saboda haka matsalar ba rashin gurbi ba ce, rashin jituwa ce tsakanin sassan manhaja. Siffar lalacewar ita ke nuna inda cutar take.

Idan Ɗorawar Sallau ta dawo a matsayin ?orawar Sallau, harafin ya mutu ne a rumbu. A SQL Server hakan na faruwa idan an yi amfani da nau'in VARCHAR mai tsohon tsarin Turai ta Yamma maimakon NVARCHAR. Wannan asara ba ta gyaruwa, sai an sake shigar da sunan. Idan kuwa ƙ ta fito a matsayin Æ™, ko ɗ a matsayin É—, to bayanin yana nan lafiya. Tsarin UTF-8 yana adana kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙaƙe da bayit biyu, sai wani sashe ya karanta kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Gyaran shi ne a ayyana UTF-8 a shafi da mahaɗar rumbu da fayil ɗin da ake fitarwa.

Akwai kuma matsalar tacewa da jerantawa. Ƙa'idar da ta ce gurbin suna ya karɓi A zuwa Z kawai za ta ƙi Ɗanladi da Ɗahiru, sai ma'aikaci ya cire ƙugiyar don aiki ya tafi, daga nan siffa biyu ta samu. Jerantawa bisa lambar harafi kuma tana kai Ɗ da Ƙ bayan Z, saɓanin tsarin ƙamus inda ɗ ke bin d, ƙ ke bin k.

4.4 Alhamza

Alamar da ke wakiltar alhamza a Sa'idu da Mu'azu da Rabi'u da Jama'are ita ce kuma alamar da harshen SQL ke buɗe zance da rufe shi. Idan an liƙa abin da aka cika kai tsaye cikin umarni, rumbu zai karanta Sa ya ɗauka zancen ya ƙare, sai ya rasa yadda zai yi da idu. Alamar wannan kuskure ita ce fom ya yi aiki ga Musa da Garba, ya tsaya cik ga Sa'idu. Haɗarinsa ya wuce haka, domin ta wannan kafa ce ɓata-gari ke cusa umarni su kwashe bayanai ko su share su. Wasu sukan magance shi ta hana alamar baki ɗaya, wanda hakan ɓata ƙa'idar rubutu ne. Ingantaccen magani shi ne umarni mai gurabe, inda ake aika umarni daban, bayani daban.

Alamar kanta iri uku ce a kwamfuta: miƙaƙƙiya U+0027, da lanƙwasasshiya U+2019 wadda wayoyi ke sauyawa da kansu, da U+02BC wadda ake lissafawa a matsayin harafi. Ga ido duk ɗaya ne, ga bincike kuwa uku ne. Sannan Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Wajibi ne saba ta mayar da su siffa guda kafin adanawa.

4.5 Suna da Lamba da Ma'auni

Fom ɗin da aka kwafo daga waje yana neman sunan farko da sunan iyali. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka da sunan mahaifi, sau da yawa da laƙabi ko sunan gari, kuma a ƙauye da laƙabin aka fi saninsa. Ma'aikata biyu za su iya jera sunayen mutum ɗaya ta hanya biyu, su saɓa wa abin da ke katin ɗan ƙasa ko a banki. Ya kamata guraben su bi tsarin al'umma, a ware gurbin laƙabi, a kuma dogara da lambar shaida wajen tantancewa.

Lambar waya a Nijeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifiri take farawa. Idan an ƙulla ta da gurbin lissafi, sifirin zai faɗi, ragowar kuma ta zarce 2,147,483,647, wato iyakar gurbin lissafi na yau da kullum. A matsayin rubutu ya kamata a adana ta. Kalmar kadada ana amfani da ita ga eka da hekta duka, alhali hekta ɗaya ta kai kimanin eka 2.47, don haka kuɗin ruwa na iya ninkuwa saboda kalma ɗaya. Haka nan alkamar da aka shuka a Nuwamba sai wajen Maris ake girbe ta, saboda haka gurbin shekara kaɗai bai isa ya tantance kakar rani ba.

5.0 Matakan Bin Diddigi

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da matakai huɗu. Na farko, a maimaita kuskuren da gangan, a gano bayanin da ke tayar da shi. Na biyu, a bi bayanin zango-zango: abin da waya ta aika, abin da saba ta karɓa, abin da rumbu ya adana, abin da shafi ya nuna. Zangon da ya fara sauya shi nan ne matsalar take. Na uku, a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Na huɗu, a ajiye jerin kalmomin gwaji na dindindin, masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da 'y manya da ƙanana, da alhamza a farko da tsakiya, da sunayen wurare masu maimaituwa, a riƙa gwada su bayan kowane gyara.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kuskuren jerin zaɓi ne kaɗai mai tsara manhaja zai iya warwarewa shi ɗaya. Sauran suna buƙatar wanda zai yanke hukunci a kan daidaitaccen sunan gari, da siffar alhamza, da jerin baƙaƙe, da ma'anar kadada. Idan masanin harshe bai yanke ba, ma'aikacin da ke riƙe da waya a bakin magudana zai yanke, kowa da irin nasa. Saboda haka ana ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'i da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, su haɗa hannu da sassan kimiyyar kwamfuta wajen samar da daidaitaccen jadawalin sunayen garuruwa da jerin kalmomin gwaji. Ƙananan hukumomi uku na wannan yanki sun isa a fara da su, kafin a faɗaɗa aikin zuwa sauran 41 na Jihar Kano.