Darasi Kan Tsatsar Madigadin Baya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi motar da muke shiga ruga da ita, ko Hilux ce ko Land Cruiser.

Ka je wurin masu walda a Kilomita Biyar ka duba motocin da aka kawo. Akasarinsu bodi lafiya lau, amma saman tayar baya ya cinye kamar gara ta shiga. Dalili kuwa shi ne, tayar baya ita ke watsa jar ƙasa da tsakuwa. Tsakuwa ta kankare fenti daga ciki, laka ta samu lungun leɓen madigadi ta kwanta. A Bangui damina na ɗaukar kusan wata takwas, lakar nan ba ta bushewa, ƙarfe yana jiƙe dare da rana. Mu kuma masu dabba namu ya fi, domin fitsari da kashin shanu suna da gishiri, suna tsiyaya ta ƙasan bodi su sauka daidai wurin.

To, malam, idan ka ga fenti ya kumbura a waje, cutar ta daɗe a ciki.

Duk dawowa daga daji, ko Yaloke ne ko Bouar, a sa yaron mota ya zura hannu cikin leɓen ya ƙwaƙulo lakar, a bi da ruwa mai ƙarfi. Wanke fuskar mota kaɗai kwalliya ce. 'Yan ramukan da ruwa ke fita, a zungure su da waya.

Babban aiki sai rani, daga Disamba zuwa Fabrairu. A cire taya, a goge da burushin waya har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu, ya bushe, sannan baƙin fenti mai kwalta. Inda ya huje a yanke a yi walda. Kada ka yarda a toshe maka da mastik. Zai faɗo. Wasu na shafa baƙin mai, ba laifi don araha, amma yana lalata roba, kuma kada ya kusanci birki.

Tun da taya na ƙasa, a ƙwanƙwasa inda sifirin ya kama shasi. Tsatsa daga madigadi nan take gangarawa. Tsakanin Bangui da Garoua-Boulai kusan kilomita 600 ne, in wurin ya ɓalle da bijimai a baya, sai ka sayar da su yadda mahaucin ƙauyen ya taya.