Kwamin Laka Ya Yi Yoyo, Ina Laifin Yake?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa ya gina kwamin wanke-wanke a tsakar gida da jar ƙasa, ya shafe cikinsa da siminti, amma kafin damina ta raba tsakiya simintin ya ɓamɓare, gindin ginin ya jiƙe sharkaf. Yana tambaya ko ƙasar ce ba ta da kyau.

Malam, ƙasar ba ta da laifi. Ɗanyar laka, komai kyanta, kumbura take yi idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Siminti kuwa ba ya motsi, don haka dole wata rana su rabu. Da zarar tsaga ta samu, ruwa ya kurɗa bayan simintin ya rasa hanyar fita, sai ya zauna yana cin ginin ta ciki. Kada randa ta ruɗe ka: ita ta sha wuta, wutar ce ta sauya yumɓun har ba ya sake narkewa. Duk da haka tana tsatsafo, abin da ke sanyaya ruwanta ke nan.

To, ta yaya rijiyoyin marinar Ƙofar Mata a Kano suke riƙe ruwan baba? Sirrin shi ne laso. Ana kwashe katsi daga gindin rijiyar rini a ƙona shi, a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin yana hana tsagewa, dafara tana ɗaure haɗin. Idan ka samu tsohon magini da ya iya shi, riƙe shi da kyau, irinsu sun yi ƙaranci. Sai dai ni ba zan zuba ruwan sha a kwamin da aka shafe da kayan majema ba, a bar shi ga wanki. Makuba kuwa, ta ɓawon ɗorawa, tana kare bango daga feshin ruwan sama, amma ba ta jure ruwan da ya kwana.

Mutanen Marrakesh a Maroko suna da tasu dabarar, tadelakt: shafen ƙonanniyar farar ƙasa da ake gogewa da dutse mai sulɓi, a bi shi da sabulun man zaitun, sabulun ya haɗu da farar ƙasar ya toshe ƙofofinta. Yana da kyan gani, amma aikin gwani ne, ba na ranar farko ba.

Shawarata mai sauƙi ce. Rushe wancan. Ka sa harsashin dutse ya ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ka gina jikin da tubali, sannan ka dasa babban kasko gasasshe ko baho a cikinsa, ta yadda laka za ta ɗauki nauyi kawai, ruwa bai taɓa ta ba. Bakin kaskon ya ɗan zarce ginin don kada ɗigo ya bi jiki. Bututun zubar da ruwa ya kai har rariya, nesa da katanga.

Idan ka nace sai laso, yi aikin da rani. Bar ginin ya bushe sarai kafin shafe, ka zagaye kusurwoyin ciki kamar ƙwarya, domin daga lungu tsaga take farawa. Bayan ya kama, zuba ruwa rabi, yi alama da gawayi, ka rufe bakin, ka duba washegari ko ruwan ya ragu.