Jigon Juriyar 'Ya Mace a Ƙagaggen Labari: Nazarin Tauraruwar *Wa Zai Auri Jahila?*

1.0 Gabatarwa

Jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa ga mai karatu. Ɗaya daga cikin hanyoyin warware shi ita ce bin rayuwar tauraro daga farkon labari zuwa ƙarshensa. Wannan darasi zai yi amfani da wannan hanya wajen nazarin jigon juriya a littafin *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a shekarar 1990.

2.0 Marubuciyar

Balaraba Ramat Yakubu Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka aurar da ita tana da kimanin shekara 13, daga baya ta koma karatun manya. Sanin wannan zai taimaki ɗalibi ya gane dalilin da ya sa ilimin 'ya mace ya zama ƙashin bayan labarin.

3.0 Haƙuri da Juriya

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin abu guda, alhali akwai bambanci. Haƙuri shi ne danne zuciya da karɓar abin da ya samu mutum. Ita kuwa juriya, wadda ta samo asali daga aikatau "jure", ta ƙunshi ɗaukar wahala ba tare da an saki abin da aka sa a gaba ba. Saboda haka, a ayyukan tauraro ake neman juriya, ba a yawan hawayensa ba.

4.0 Warwarar Jigo

Za a iya kasa rayuwar Abu, tauraruwar littafin, zuwa matakai huɗu:

(a) Rikicin gida: mahaifinta ya cire ta daga makaranta, ya toshe mata hanyar da take so.

(b) Rikicin soyayya: Ahmadu, wanda aka sa ran zai aure ta, ya guje ta saboda ba ta da ilimin zamani. Daga nan sunan littafin ya fito. Laifin da ba ita ta yi ba, ita aka ɗora wa.

(c) Auren dole: an aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta ƙi zaman, ta gudu zuwa birnin Kano wurin wata 'yar'uwarsu.

(d) Girma: ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Abin lura shi ne, a matakai biyu na farko wasu ne suke yanke wa Abu hukunci. Daga mataki na uku ne ta fara yanke wa kanta. Wannan sauyi shi ne zuciyar jigon. Haka kuma, juriyarta ba ta yi amfani ba sai da ta sami babba guda da ya riƙe hannunta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Darasi ga Malami

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 kyauta. Duk da haka, malami zai tarar da irin Abu a ajinsa: yarinya mai ƙwazo da ta fara fashi, ko ta yi shiru bayan da tana magana. Wajibi ne ya koyar da wannan littafi da hikima, kada ya nuna wata ɗaliba a matsayin misali, kada kuma ya mai da darasin dandalin zagin iyaye. Ya ja hankalin ɗalibai ga dalilan kowane ɗan wasa, har da na mahaifin.

6.0 Kammalawa

An ga cewa juriya jigo ne da ake ganowa ta bin abin da tauraro ya aikata a kowane mataki, da kuma waɗanda suka tallafa masa.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta haƙuri da juriya, tare da misalai daga littafin.
2. A wane mataki Abu ta fara yanke wa kanta hukunci? Kafa hujja.
3. Tsara darasin minti 40 a kan wannan jigo ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.